Flutter ko React? Kafin mu raba unguwa a kan faɗan da ba namu ba

Jama'ar Kurudu, akwai wata gardama da ta shigo mana unguwa tare da yaranmu masu koyon rubuta manhajar waya da ta kwamfuta. Iyaye da yawa ba su san da ita ba, alhali daga aljihunsu kuɗinta zai fito. Yaran sun rabu gida biyu, wani lokacin ma uku. Waɗannan sun ce Flutter, waɗancan sun ce React Native, ga kuma 'yan tsirarun da suka kafe a kan Kotlin. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar da Arsenal ta haɗu da Man U ya san irin muryar da ake wannan musun da ita. Kowa ya ɗauki nasa kamar gadon gidansu, kowa na kallon na ɗan'uwansa a matsayin ɓata lokaci.

Ga wanda bai san su ba, waɗannan sunaye kayan aiki ne, kamar yadda kafinta yake da zarto da guduma. Da su ake gina irin manhajojin da muke taɓawa kullum a waya, ta banki, ta sayen kati, ta duba sakamakon jarrabawa. React Native kamfanin Facebook ne, wanda yanzu ake kira Meta, ya fito da shi a 2015, kuma da yaren kwamfuta mai suna JavaScript ake aiki da shi. Flutter na Google ne, cikakken fitowarsa ta farko a ƙarshen 2018 ce, yarensa kuma Dart, wanda shi ma Google ɗin ne ya ƙirƙiro shi. Alkawarin da su biyun suke yi iri ɗaya ne: ka rubuta manhaja sau ɗaya, ta yi aiki a wayar Android, ta kuma yi a iPhone. Kotlin kuwa yare ne na wani kamfani mai suna JetBrains, wanda Google ya ɗaure wa gindi a kan Android.

Mu dai matsayinmu shi ne, kada kuɗin iyaye ko na ƙungiya ya tafi wajen mayar da yaro ɗan amshin shatan wani kamfani tun bai san hannunsa na dama ba a wannan sana'a. Ya fara da abin da ba na kowa ba, ya zauna da gindinsa, sannan ya zaɓi kayan aikin da kasuwa ke nema a lokacin. Ga dalilanmu.

Duk waɗannan kayan kyauta ake bayar da su, kuma a nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke biyan ɗaruruwan injiniyoyi albashi da dala don su gina abu, sannan ya raba shi ba ko sisi, akwai inda yake jiran ribarsa. Yaron da ya koyi Flutter, idan ya zo neman inda zai ajiye bayanan masu amfani da manhajarsa, hanya mafi sauƙi da za a nuna masa ita ce Firebase, shi ma na Google. Kyauta ne da farko, sai masu amfani sun yi yawa a fara turo masa lissafi da dala. In ya sa manhajar a Play Store ya fara sayar da wani abu a cikinta, Google na yankar kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Microsoft ya bi tasa hanyar: ya saki VS Code, wato allon da yawancin yaranmu ke rubutu a kai, kyauta a 2015, ya sayi GitHub inda suke ajiye aikinsu a kan dala biliyan 7.5 a 2018, daga can kuma ƙofa a buɗe take zuwa Azure da Copilot waɗanda ake biya. Apple bai ma tsaya ɓoye-ɓoye ba. Xcode, kayan aikinsa na gina manhajar iPhone, ba ya tashi sai a kwamfutar Mac, kuma sai ka biya dala 99 duk shekara kafin manhajarka ta zauna a shagonsa. Google aƙalla dala 25 yake karɓa sau ɗaya.

Ba laifi ba ne, kasuwanci ne. Mai shayi ma yana ƙara wa sabon baƙo madara. Abin da ya dame mu shi ne yadda yaranmu ke ɗaukar tallan kamfani su mayar da shi aƙida, suna faɗa da juna a kan ribar da ba za ta taɓa biyowa ta Nyanya ba, balle ta iso Kurudu.

Idan aka ce giwaye na faɗa, a wannan fage an gani da ido. Java yare ne da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, kuma shekara da shekaru shi ne abin da ake koyarwa a jami'o'inmu, shi ne kuma aka gina manhajojin Android da shi. A 2010 Oracle ya sayi Sun a kan dala biliyan 7.4. Shekarar ba ta ƙare ba ya maka Google a kotu, yana cewa an kwafi layuka kusan 11,500 na Java an sa a Android ba da izini ba, har ya kai ga neman diyyar kusan dala biliyan 9. Aka yi ta jan shari'a daga wannan kotu zuwa waccan fiye da shekara goma, sai a watan Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya da rinjayen alƙalai 6 a kan 2. To amma kafin a kai ga hukuncin, Google ya riga ya canza sheƙa. A 2017 ya karɓi Kotlin a hukumance, a 2019 ya sanar cewa Kotlin ne a gaba wajen gina manhajar Android. Ɗalibin da ya kwashe shekara biyu yana haddace yadda ake Android da Java ya wayi gari sababbin darussa da misalai duk sun koma wani yare. Ba a tambaye shi ba, kuma ba a yi niyyar tambayarsa ba.

Shi wannan ya ma yi sa'a, domin Java na nan da ransa, bankuna da manyan kamfanoni na aiki da shi har gobe. Akwai waɗanda aka rufe wa shago gaba ɗaya. Mu tuna wayoyin Nokia Lumia masu launi da suka cika kasuwa a wani lokaci. Microsoft ya zuba kuɗi yana jawo masu rubuta manhaja su koma Windows Phone, ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, zuwa 2017 ya amince cewa ya haƙura. Facebook ya sayi Parse a 2013, dubban manhajoji suka jingina da shi, a farkon 2017 ya kashe shi. Microsoft ya sayi Xamarin a 2016, wanda shi ma alkawarinsa irin na Flutter da React Native ne, ranar 1 ga Mayun 2024 ya daina kula da shi, ya ce kowa ya koma sabon da ya fitar. Heroku, inda ɗalibai marasa kuɗi daga ko'ina suke ɗora aikinsu don su nuna wa mai ɗaukar ma'aikata, ya janye tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022.

Kada 'yan Flutter ko 'yan React su ce wannan labarin wasu ne. A 2024 Google ya rage ma'aikata a sassan da ke kula da Flutter da Dart, hankalin mutane ya tashi na ɗan lokaci, ko da yake aikin ya ci gaba. React kuwa a 2017 an yi rikici a kan lasisinsa, saboda wani sharaɗi da Facebook ya cusa wanda ke janye wa kamfani kariya idan ya kai Facebook ƙara a kan haƙƙin ƙirƙira. Sai da gidauniyar Apache ta hana amfani da shi a ayyukanta, WordPress ya ce zai ajiye shi, sannan Facebook ya janye sharaɗin a watan Satumba na shekarar. Dukansu biyu kayan aiki ne masu kyau, ba mu musa ba. Amma rigar aro ce, mai ita na iya canza ra'ayi a ɗakin taron da ba wanda ya san sunan unguwarmu a cikinsa.

A nan gida ma mun ga zuwansu, mun ga tafiyarsu. Mark Zuckerberg ya zo Legas a 2016, ya shiga Yaba, ya kuma zo Abuja ya gana da Shugaba Buhari. A shekarar ce gidauniyarsa ta jagoranci zuba dala miliyan 24 a Andela, kamfanin da a lokacin yake horar da matasa rubuta manhaja. Shugaban Google, Sundar Pichai, ya biyo baya a 2017 da alkawarin horar da 'yan Afirka miliyan 10. Microsoft ya sanar da cibiyar injiniyoyinsa ta Legas da Nairobi a 2019. Sai ga shi a Satumban 2019 Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, da hujjar cewa kasuwa ƙwararru take nema, ba sababbin hannu ba. A 2024 kuma Microsoft ya rufe cibiyar ta Legas. Wannan hujja ta Andela ita ce ya kamata kowane uba ya riƙe. Kasuwa ba ta ƙoshi da masu rubuta manhaja ba. Abin da ta ƙoshi da shi shi ne wanda ya yi kwas na wata uku, ya iya jera maɓallai a fuskar waya da kayan aiki guda, amma da zarar abu ya lalace a ƙasa sai ya tsaya yana kallo.

Yanzu faɗan ya koma wani sabon fili, na ƙirƙirarriyar basira mai taya mutum rubutu. Copilot na Microsoft dala 10 ne a wata, Cursor dala 20. Idan aka yi lissafi a kan naira 1,500, dala 20 ta zama naira 30,000, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kuma ƙasar ba ta zauna ba tukuna. A tsakiyar 2025 wani kayan aiki mai suna Windsurf ya nuna yadda abin yake. Labari ya bazu cewa OpenAI zai saye shi, sai Anthropic, abokin hamayyar OpenAI, ya taƙaita masa hanyar samun basirarsa ta Claude. Cinikin ya rushe, Google ya kwashe shugaban kamfanin da wasu manyan ma'aikatansa a yarjejeniyar dala biliyan 2.4, bayan 'yan kwanaki wani kamfani mai suna Cognition ya sayi abin da ya rage. Duk wannan a cikin watanni ƙalilan. Wanda ya gina sana'arsa kacokan a kan wannan kayan aiki, yana kwance a ɗakinsa aka yi ta cinikin kansa. Ba mu ce kada yara su taɓa waɗannan abubuwa ba, suna rage wahala sosai. Sai dai wanda bai iya karanta abin da na'urar ta rubuta masa ba, bai san ranar da ta yi masa ƙarya ba, kuma tana yi.

Mu dawo Kurudu mu dubi abin da ke hannunmu. Yawancin yaranmu da laftof na hannu suke aiki, wanda aka sayo a Banex ko aka gada daga wani yaya. Android Studio, wanda mai Kotlin ba ya rabuwa da shi, mai Flutter da mai React Native ma sukan buƙace shi, yana son kwamfuta mai ƙarfi, ƙwaƙwalwarta aƙalla gig 8, kuma saukar da shi kaɗai na cinye data mai yawa. Ga wutar AEDC da kowa ya san halinta, ga kuɗin man janareta tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Yaron da zai je aji a Wuse ko Garki sai ya bi ta Jikwoyi da Karu ya faɗa cunkoson Kugbo, ya dawo bayan magariba a gajiye, kuɗin motar sati ɗaya ya isa sayen datar wata. A irin wannan hali, zaɓen abin da za a fara koya ba maganar ado ba ce. Shafin intanet da aka rubuta da HTML da CSS da JavaScript yana tashi a kan tsohuwar kwamfuta, ana gwada shi ko babu data, kuma yana buɗewa a Tecno da itel da Infinix da ke aljihun mutanenmu ba tare da an roƙi izinin shagon kowa ba.

Sannan wa zai ba su aikin farko? Ba Google ba ne. Mai makarantar kuɗi ne da ke son iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu a waya. Mai kemis ne da ke son sanin maganin da ya kusa ƙarewa da wanda ya kusa lalacewa. Mai gidan bulo ne, da shugabannin rukunin gidaje masu karɓar kuɗin tsaro da na shara duk wata, da mai POS da ke da yara biyar a wurare biyar yana son lissafinsu ya haɗu da dare. A cikinsu babu wanda zai tambayi ko da Flutter aka yi ko da React. Tambayarsu ita ce: yana aiki, lissafin daidai ne, kuma idan ya lalace wa zan kira?

Dattawanmu makanikai sun riga mu sanin wannan darasi. Akwai lokacin da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ita ce motar Najeriya, gwamnati ita, tasha ita. Da zamaninta ya wuce, Toyota da Honda da Golf suka cika titi, gareji ya rabu biyu. Wanda ya haddace inda kowane ƙusa yake a jikin 504 kawai ya koma zaman benci. Wanda ya fahimci yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa su tayar da inji ya buɗe bonet ɗin sabuwar mota, ya yi kwana biyu yana dubawa, ya ci gaba da cin abincinsa. Haka aka yi da Jincheng ta ba Bajaj wuri a hannun 'yan acaɓa.

Injin wannan sana'a sananne ne, kuma yawancinsa ba mallakin kamfani guda ba ne. Yadda ake warware matsala mataki-mataki. Yadda ake tsara bayanai a rumbu a kuma tambaye su da SQL, yaren da ya samo asali tun shekarun 1970 kuma har yau kowane banki na amfani da shi. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, kuma a lura, GitHub ne na Microsoft, Git kansa ba nasa ba ne. Python, wanda ya fito a 1991 kuma gidauniya ce mai zaman kanta ke riƙe da shi. HTML da CSS da JavaScript, waɗanda ƙa'idojinsu a bainar jama'a ake tsara su, kamfanonin da ke gaba da juna na zaune a teburi ɗaya dole. Wani abin dariya, sunan JavaScript ɗin kansa a takarda yana hannun Oracle, ya gado shi daga Sun, amma sunan kawai ya riƙe, yaren ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Mun san abin da matasan za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Za su ce tallan aiki ba ya cewa ana neman wanda ya san tushe, cewa yake ana neman mai Flutter ko mai React, kuma mai jiran ya gama tushe yunwa za ta kashe shi. Haka ne, dole a ƙarshe mutum ya riƙi ɗaya ya ƙware a kai. Za su kuma ce kamfanonin nan suna ba da horo kyauta, da taruka irin DevFest da ƙungiyoyin Google ke shiryawa a Abuja, da riguna da sitika, wani lokacin har da hanyar samun aiki. Wannan ma haka ne, kuma muna cewa ku je. Ku karɓi horon, ku sa rigar, ku ci shinkafar taron, ku yi abokai. Haka shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023, wanda ya fara da mutum 30,000 da burin kaiwa miliyan 3, duk wanda ya samu gurbi kada ya yi wasa da shi. Inda muka rabu da ku shi ne a kan jeri. Wanda ya san JavaScript da kyau zai kama React Native cikin makonni, Dart ma ba zai ba shi wuya ba domin kamanninsu ɗaya. Wanda ya faro daga sama kuwa, duk ranar da aka canza masa kayan aiki sai ya koma aji ɗaya, a sake biyan kuɗi.

Saboda haka ga shawararmu ga iyaye. Idan yaro ya zo ya ce, “Baba, akwai kwas na Flutter, wata uku, an ce ana samun aiki da dala,” kada a kore shi, kada kuma a miƙa kuɗin nan take. A je a ga malamin. A tambaye shi, “Malam, kafin ku kai ga Flutter ɗin, me za ku koya masa? Zai iya tsara rumbun bayanai da kansa? Laftof ɗin da yake da shi zai ɗauki aikin, ko sai mun sayi wani? A cikin kayan da za ku yi amfani da su, wanne ne za a fara biya da dala bayan an gama?” Malamin kirki zai ji daɗin tambayoyin. Wanda ya fara kame-kame yana nuna hoton ɗalibansa da satifiket, a yi masa godiya a tashi. Idan kuma ƙungiya ce za ta haɗa kuɗi ta ɗauki nauyin aji, muna ganin watannin farko su tafi a kan tushen nan, aikin gwajin kowane ɗalibi kuma ya zama na wani mai sana'a a cikin unguwa, wanda zai yi amfani da shi da gaske ya kuma yi ƙorafi da gaske.

Akwai kuma ɓangaren masu ba da aikin, domin su ma wannan faɗa yana iya cin su. Mai makaranta ko shugaban rukunin gidaje da zai biya a gina masa manhaja ya sa a rubuce cewa za a miƙa masa asalin rubutun manhajar, ba abin da ake gani a waya kawai ba. Asusun da aka buɗe don ajiye bayanan ya kasance da imel ɗin makarantar, ba na yaron da ya yi aikin ba, domin yaro na iya samun aiki a Legas ko ya canza lamba. A tabbatar ana iya fitar da sunayen ɗalibai da lissafin kuɗi zuwa takardar Excel duk lokacin da aka so, a kuma riƙa fitarwa ana ajiyewa duk ƙarshen zango. Adireshin shafin kuma a yi masa rajista da sunan mai shi, in so samu ne mai ƙarewa da .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ana kuma sabunta shi da naira ta hannun dillalan cikin gida.